Tozo Ɗaya Ko Biyu

Tsinke muke ce mata tun muna firamare, don in iska ta taso sai mun riƙe mata hannu. Ni na tsaya a sakandare na kama keken ɗinki, ita ta wuce har ta zama malamar kimiyya a jami'a. Duk da haka kowace Asabar tana shagona, zaune a kan buhun ƙyallaye, ta cire takalmi tana kushe mini ɗinki.

Aikinta a kan haske yake. Ta ce maganar da muke yi a waya, a wasu wurare haske ne ke ɗaukar ta cikin zaren gilashi siriri kamar gashi. Ɗigon haske in ya yi nisa yakan baje, kamar shuni a ruwa. Amma akwai wani iri da gilashin ke matse shi daidai gwargwadon yadda yake son bajewa, sai ya yi ta tafiya a dunƙule. Sunansa soliton. Ni ɗan taurin kai nake ce masa.

"Kin taɓa ganinsa da idonki?" na tambaye ta.

"A kwamfuta nake gina shi da lissafi. Tana tura shi taki-taki, kamar yadda allurarki ke bin yadi."

A fuskar kwamfutar, ɗigon hasken kamar tozo ne guda yana tafiya. Wata rana ta shigo ko sallama babu, ta ce a wani sabon gilashi da ta gwada, tozon ya rabu biyu a inda ba wanda ya zata. Shugaban sashensu, wani Farfesa mai son gardama, ya ce ba gilashin ba ne, takin lissafinta ne ya yi faɗi har kwamfuta ta ƙirƙiro abin da babu.

"Zan matse takin ya fi ɗinkin amarya ƙanƙanta," in ji ta. "In ya sake rabuwa, Farfesa zai haɗiye gemunsa."

A lokacin ciwo ya riga ya kama ta, zobenta ma ya daina zama a yatsa. Lissafin kuma na kwanaki ne, ga wutar ofishinsu da ta ɗauke sai a koma farko. Shagona akwai sola. Ta kawo kwamfutar ta ajiye a kan teburin yanka, ta nuna ni da yatsa.

"Tela, kika jona dutsen guga a nan, ni da ke har abada."

Na koma guga da gawayi. Masu kaya suka yi ta mita wai rigunansu na warin hayaƙi, na ce su yi haƙuri, baƙo nake jinya. Kafin lissafin ya ƙare aka kwantar da ita a asibiti. Kullum na je, kafin ta amsa gaisuwa sai ta ce, "Ya iso?"

Ran da ya ƙare da hantsi, na leƙa. Tozo ɗaya ne. Na goge gilashin da gefen mayafina, na sake dubawa. Ɗaya ne dai, lafiyayye, ko tsaga babu.

Na rungumi kwamfutar na hau mota. Likita ya riga ya gaya wa yayanta gaskiya, na san ba ta da lokacin sake wani lissafin. Zuciyata ta ce in ce wuta ce ta yi gardama, ta tafi da farin cikinta. Amma Tsinke ba ta taɓa cewa ɗinkina ya yi kyau alhali ya karkace ba.

Ta dubi fuskata tun daga ƙofa.

"Ɗaya ne ko?"

"Ɗaya ne, ƙawata."

Na ɗora mata a cinya. Ta daɗe tana kallo, tana bin tozon da farce. Sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ɗan banza! Ashe duk wannan matsin bai fasa shi ba. Ke kukan me kike yi? Ba ni waya."

Na danna mata lambar Farfesa, na riƙe wayar a kunnenta don hannunta ba ya iya ɗagawa.

"Ranka ya daɗe, gemunka ya tsira," ta ce. "Kai ke da gaskiya, takina ne. A gaya wa ɗalibaina kada kowa ya ɗora aiki a kan wancan sakamakon. Na yau shi ne daidai, kuma ni na gano shi, kada ka ce kai ne."

Ban ji amsarsa ba, na dai ga ta yi murmushi. Ta lumshe ido ta ce, "Tela, yanzu kya iya jona gugarki."

Ba ta kai Asabar ɗin gaba ba. Allah ya jiƙan Tsinke, ya haskaka makwancinta.