Huhun Baba

Mahaifina mahauci ne a Runjin Sambo. Da ciwon huhu ya kai shi ɗakin kulawa ta musamman, na ɗauka sai mun kwana uku muna jiran sakamakon gwaji, kamar na mahaifiyata da ta rasu bai fito ba.

Da hantsi aka ɗebi majinar ƙirjinsa. Kafin la'asar mai gwajin ta kawo sunan ƙwayar cutar, likita ya canza magani. Na tare ta da masifa, na ce ƙagowa ta yi. Sai ta ja ni ta nuna mini na'urar da ke gano ƙwayar cuta cikin 'yan sa'o'i.

Da Baba ya farfaɗo na ba shi labari. Ya ce, "Ni sai na yanka saniya kana in ga huhunta. Wagga na'ura ta ga nawa ina da rai."