Ɗebewar da Malam Halliru Ya Ƙi Rubutawa

Malam Halliru, malamin aji huɗu a firamaren Araba, ya faɗi jarrabawar lissafi ta Giredi Tu sau uku a jere. Ya ci Turanci, ya ci Hausa da addini, ya ci dabarun koyarwa har da yabo. Lissafi kaɗai ya riƙe masa takardar shedar malanta. A shekarar 1985 aka sanar cewa duk malamin da bai kawo takardar nan ba zuwa ƙarshen shekara zai ajiye alli. Halliru yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ban da alli bai iya riƙe komai ba. Gonar da ya gada ma yayansa ne ke nomawa, don tausayin gonar.

A Illela aka haife shi, a gidan fataken albasa. Yana ɗan shekara shida gwaggonsa da ke aure a Ƙonni, ƙetaren iyaka, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo suna ta koma da shi. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin tafiya wata ƙasa, tunda jaki yana zuwa ya dawo kafin azahar. A can aka sa shi lakwal, makarantar Faransanci, ya yi ta har ya fara fitar da gashin baki. Da gwaggon ta rasu ya dawo gida, daidai lokacin da ake buɗe firamare a kowane ƙauye, ana ba da aji ga duk wanda ya iya rubuta sunansa ba tare da ya fito da harshe ba. Turanci ya koya a kan aiki, yana gaba da ɗalibansa da shafi biyu. Mutum ne dogo, mai magana a hankali, mai guga ko da gawayi ya yi tsada. A Araba ana ce masa Ɗan Lakwal, shi kuma yana amsawa.

A lakwal aka koya masa rabawa, kuma ba irin ta littafin Nijeriya ba ce. A littafin nan ana yi wa babbar lamba rumfa, a ajiye mai rabawa a hagu, amsa ta hau kan rufi, a yi ta ɗebewa ana gangarowa layi bayan layi. A Ƙonni kuwa katanga ake ja a tsaye, mai rabawa ya zauna a dama, amsa ta kwanta a ƙarƙashinsa, ɗebewa kuma a ka ake yin ta, saura kawai ake rubutawa. Halliru yakan kwafe wa yaran Araba ta rumfa daga littafi, harafi da harafi, sannan ya juya musu baya ya gwada amsar a tafin hannunsa ta hanyar katanga, don ya tabbata littafin bai yi ƙarya ba. A jarrabawa babu littafi, sai ya yi wadda ya sani. Haka yake yi wa sauran lissafin ma: tambaya a sama, amsa a ƙasa, tsakaninsu layi ɗaya ko biyu. Yakan riga kowa gamawa, ya zauna yana tausaya wa masu gumi.

Mai duba takardu a Sakkwato kuwa yana da nasa tsarin, wanda ya ba hanya maki fiye da amsa. Amsa daidai da babu hanya a bayanta, a wurinsa alama ce ta ɗalibi mai kaifin ido da maƙwabcin kirki. Sakamako kuma ba ya zuwa da bayani. Shi ya sa kowace shekara Halliru yakan ƙara sauri.

A dogon hutun wannan shekara kwalejin horon malamai ta buɗe ajin masu maimaitawa a wata firamare cikin Illela, ta aiko da malamai daga Sakkwato. An riga an rufe iyaka a lokacin, wato kaya sun daina bi ta gaban ofis, saboda haka garin yana da shirun da ake buƙata don karatu. Kwalejin ta kuma zo da sabon tsari: kashi ɗaya cikin uku na maki malamin aji ne zai bayar, ta hanyar da ya ga ta dace. Malamin Turanci ya ga kiran suna ya dace. Na tarihi ya ba masu share masa ɗaki. Na lissafi, Malam Maccido, ya ɗauki maganar da gaske, abin da bai yi wa kowa daɗi ba.

Malam Maccido gajere ne mai tumbi kaɗan, ɗan gidan akawuna da alƙalai. Ya tashi yana ganin zauren kakansa, inda ɗalibi ba ya barin littafi sai ya biya wa malam shi da bakinsa. Ya ce wanda yake so ya yi masa gwajin takarda, ga takarda. Wanda yake so ya fita da igiya ya auno masa filin ƙwallo da inuwar tutar makaranta, ya kawo tsawon tutar, ga igiya. Akwai kuma wanda zai ba lissafin da shi da kansa ya ɓata da gangan, ya nemo inda ɓarnar take. Malama Tasalla, 'yar kawun Halliru kuma taubashiyarsa, wadda ke koyarwa a Lafani, ita ta fara ɗaga hannu a kan wannan. Ta ce nemo kuskuren namiji aiki ne da take yi kyauta a gida, yau ga shi da maki.

Hanya ta ƙarshe ita ce biya. Ɗalibi ya hau gaban allo, Malam Maccido ya koma bencin yara ya zama daƙiƙi, in an fahimtar da shi an ci. Halliru ita ya zaɓa, don yana ganin takarda ta riga ta faɗi ra'ayinta a kansa.

Ranar ta zo da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Malam Maccido ya cusa kansa a benci, gwiwoyinsa suna taɓa tumbinsa, ya ɗaga hannu.

"Malam, ni sunana Attahiru. Shekarata ta ukku ke nan aji huɗu."

"Ukku da ukku, an haɗu," in ji Tasalla daga layin mata. "Ku gaisa mana."

Aji ya yi dariya, manyan mutane masu iyali. Halliru bai juya ba.

"Ban gane rabawa ba, Malam. Ɗari takwas da hamsin da ɗaya, a raba gida ashirin da ukku."

Halliru ya yi niyyar faranta wa baƙo, sai ya zana rumfa. Ya sa lambobi a inda littafi ke sa su. Amma da ya zo rubuta amsa hannunsa ya gangara ƙasa da kansa, ya goge, ya hau rufi, ya rasa saitin da zai ajiye ta, ya sake gogewa. Allon ya jiƙe da damina, alli ba ya kamawa sosai. Ya juya baya kamar yadda ya saba, ya zaro biro.

"Malam, mi kaka rubutawa ga hannu? Laya ta?"

"Ba komi."

"In gani."

Ya miƙa tafin. Malam Maccido ya riƙe hannun ya duba, ya karkata kai, ya sake dubawa.

"Sa wanga bisa allo."

Halliru ya goge rumfa ya ja katanga. Leɓunansa suna motsi da Faransanci, allin yana tafiya, kafin Malam Maccido ya gyara zama talatin da bakwai ta kwanta a dama. A hagu babu komai sai goma sha shida da ɗaya a gefenta, da sifiri a ƙasa.

"Aljanin Ƙonni ya sauka," in ji Tasalla. "A kawo turare."

"Ban gane ba," in ji daƙiƙi. "Ɗari takwas da wani abu, kai kuma ka tashi da ukku. Ukku kawai? Malam, ko rowa ka kai?"

A nan Halliru ya manta da cewa jarrabawa ce. Ya sauko daga gaban allo ya tsaya kan yaron, kamar yadda yake yi a Araba.

"Attahiru, an taɓa suna gidanku?"

"Kullum. Babana ba shi hutawa."

"To ga goro, ƙwarya takwas, kowace ɗari, da hamsin da ɗaya, ga gidaje ashirin da ukku. Kana iya ba kowane gida ƙwarya guda?"

"Sai in a yi faɗa."

"To hwasa ƙwaryar, kasa shi goma-goma. Kashi nawa?"

Malam Maccido ya ƙirga da yatsu har da na ƙafa, ya ce tamanin da biyar.

"Kowane gida shi ɗauki kashi ukku. Ukkun da kag gani ba goro ukku ba na, kashi ukku na, talatin ke nan. Saura kashi goma sha shidda. Su ba su isa zagaye, sai ka watsa su, ka haɗa da guda ɗayan nan da ka aje, ɗari da sittin da ɗaya. Kowane gida bakwai. Talatin da bakwai."

"Mai rabo hwa?"

"Ba shi da ko ɓari."

"Wanga rabo ba ni sonshi," in ji Malam Maccido. Ya dubi allo, ya nuna da haɓa. "Amma goma sha shiddan nan, daga ina?"

"Tamanin da biyar, ka ɗebe sittin da tara."

"Ina sittin da tara? Ban gan ta ba."

"Tana cikin kai."

"Kan wa?"

"Nawa."

"Malam, ni ba a ba ni makullin wurin ba."

Halliru ya sassauta murya, ya daina yi wa Attahiru magana.

"Ranka shi daɗe, wanga ba a rubuta shi. Ƙananan ɗiya ka rubuta shi. A lakwal in ka rubuta ɗebewa, rula kaka sha bisa yatsu, malam shi ce ko ka ɗauke shi jaki. Mai duba takarda a Sakkwato babban malami na. In na zauna ina gaya mai tamanin da biyar ban da sittin da tara saura goma sha shidda, ai na rena shi."

Malam Maccido ya yi ƙoƙarin tashi, bencin ya taso tare da shi, sai da mutum biyu suka raba su. Ya kaɗe rigarsa.

"Shekara ukku kana girmama shi ke nan?"

"Gwargwadon iko."

"Malam Halliru, mai duba takarda mutum na irina, da tulin takardu da ciwon baya. Ba a ce mai shi gane ba, an ce mai shi gani. Don Allah ka rena shi. Kowane layi ka rena shi. Katangarka ka bar ta, ba ta da laihi, amma abin da ke cikin kai ka sauke shi bisa takarda."

"Ni tun muna ɗiya nike rena shi, bai mutu ba," in ji Tasalla, tana nuna Halliru.

Malam Maccido ya ba shi maki mai yawa, ya rage kaɗan saboda ya yi minti na farko yana ba aji ƙeya. Ya ce Attahiru ya gane, kuma wannan shi ne karo na farko a tarihin gidansu.

Sauran hutun Halliru ya yi shi yana koyon rashin kunya. Yakan zauna bayan la'asar a ƙofar gida ya rubuta kowace ɗebewa da kowace ninkawa, ƙanana ƙwarai, a gefen shafi, yana kare su da hannu in wani ya gifta. Malam Maccido ya sa ya ƙara musu girma sau biyu. Ranar jarrabawa, a karo na farko, bai riga kowa gamawa ba. An karɓi takarda yana tsakiyar tambaya ta biyun ƙarshe, ya fito da gumi kamar sauran jama'a, yana da yaƙinin cewa wannan karon ya faɗi da hujja.

Sakamako ya iso bayan an gama girbin gero. Tasalla ta ci da yabo. Halliru ya ci da maki mafi ƙanƙanta da ake kira ci, kuma makin biya ne ya tura shi ya haye. Tasalla ta kawo masa labarin har gida ta karɓi goron albishir, ta ƙirga shi a gabansa da ƙarfi, don kada wani abu ya saura a cikin kai.

Bai ajiye alli ba, amma bai daɗe da shi a hannu ba. Masu takarda sun yi ƙaranci a wannan shekara, saboda haka da aka dawo hutu aka ɗauke shi daga aji huɗu aka yi masa hedimasta a Darna Sabon Gari, aka ba shi tebur da ƙararrawa. Ya nemi a bar masa lissafin aji ɗaya, aka ce hedimasta ya wuce nan. Sai ya koma jiran ranar da wani malami zai yi fashi ya shiga ajinsa, kuma a Darna ba ya daɗewa yana jira.