Dattijo a kan kabarin Baba

Jama'a, yau na kama wani yana tona kabarin Baba!

Da safe na shiga maƙabarta ziyara. Tun daga nesa na hango wani dattijo a tsugune, yana tona ƙasa da hannu ta wajen kai. Ban taɓa ganinsa a nan garinmu Gadarif na Sudan ba. Na ce lallai asiri ake binnewa.

Na daka masa tsawa da Larabcin Sudan: "Ya zol! Kai malam! Me kake yi a nan?"

Ya yi wuf ya ɓoye hannunsa a baya. Na ce, "Buɗe in gani!"

Ya buɗe. Dashen darbejiya ne.

Ya ce, "Kabarin ƙanena ne. Duk kaka in na zo yankan riɗi sai na ziyarce shi."

Na ce, "Ina! Mahaifina ne a nan!"

Muka kira mai gadi. Ya duba, ya ce ruwan bara ya kwashe alamomin layin nan, shi ma ba zai rantse ba.

Na tsaya ina hararar dattijon. Ya miƙo min dashen ya ce, "Ɗana, riƙe min in gama ramin. Ko wane ne a ciki, yau mutum biyu sun zo masa."

Wallahi sai na riƙe.