Masarar da Ta Riƙe Mana Gida

Wata Asabar ta watan Afrilun 2004, ina tsugune a tsakar gidanmu na haya a Tunga ina wanke safar makaranta, Baba Ndagi mai gidan ya yi sallama. Tsoho ne mutumin Bida, kuma ranar ko tabarma bai kalla ba. Ya ce wa Babanmu ɗansa Usman zai yi aure, kuma ciki da falon da muka shekara tara a cikinsu nan za a kawo amarya. Ya ba mu zuwa ƙarshen Mayu. Ni kuwa ina aji shida, sai Yuli zan gama firamare. In muka tashi, sai gidan kawuna a Gwada, ni kuma sai maimaita aji.

Babanmu malamin makaranta ne, ya yi imani babu abin da wasiƙa ba ta gyarawa. Ya rubuta har uku. Baba Ndagi ya karɓi kowacce da hannu biyu, ya ninke ya sa a hula, domin bai yi boko ba. Sau biyu aka je gaban mai unguwa, aka dawo da "a yi haƙuri", abin da ba shi da rufi balle ƙofa. Gida ya koma tasha: kwanuka a buhu, littattafan Babanmu a kwali, kullum a kwance ƙulli a ɗauki ludayi a sake ɗaurewa. Ko carafke muke yi a ƙofar gida, da na ji ƙarar a-kori-kura sai duwatsun su zube daga hannuna.

Inna ba ta rubuta komai ba. Da ruwa ya sauka, ta aro fartanya wurin Maman Bulus maƙwabciyarmu, ta ja ni bayan ɗaki inda muke zubar da toka, muka yi kunya shida muka shuka masara. "Baba Ndagi manomi ne kafin ya zama mai gida," in ji ta. "Ba zai raba mutum da shukarsa tana tsaye ba."

Ƙarshen Mayu Baba Ndagi ya zo da mai fenti. Ya daɗe tsaye a kan masarar, ta kusa gwiwata. "Maman Jummai, kin ɗaure ni," ya ce wa Inna. "To, a karya masara tukuna." Daga ranar aikina ya zama korar awaki da addu'ar kada ta yi saurin nuna, yayin da ango Usman ke leƙowa ta katanga yana duba gemun masara kamar malamin gona. Inna ta so ƙari, sai tsohon ya kama ta da itacen rogo a hannu. "Masara na yarda. Rogo kuwa shekara ne, yaron nan zai tsufa." Ta ajiye.

Na gama a Yuli. Farkon Agusta aka karya masara, Inna ta kai wa Baba Ndagi kwando guda, muka loda kaya.

Yau ma haya nake, a bene. An shafe tsakar gidan da siminti, mai gidan kuma ban taɓa ganinsa ba, sai takardar da ejan ɗinsa ke turowa. Ina da barkono a bokiti uku a baranda, ina ba su ruwa kowace safiya. Na san ko kwana ɗaya ba za su riƙe mini ba. Bokiti ai ɗauka ake yi.