Ranar da Zaren Baba Toshe Ya Ƙi Motsi

A layinsu babu mai kiran sunansa na yanka, Baba Toshe kawai ake ce masa, shi kuma yana amsawa har da washe baki. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da ɗakin sanyi a wani kamfanin ajiye kifi da nama, aikin da duk hikimarsa guda ce: kada iskar waje ta shiga, kada ta ciki ta fita. Idan lebura ya kuskura ya bar ƙofa a buɗe na minti ɗaya, to ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu. Da ya yi ritaya, sai ya kwaso halin nan kacokan ya kawo gida. Ai hali zanen dutse ne.

Yana da wani ɗan kara da ya ɗaura wa farin zare a baki, da shi yake farautar iska. Zai bi gefen taga, ƙasan ƙofa, bayan soket, a hankali kamar mai neman allura. Inda zaren ya motsa, nan ɓarauniyar take. "Na kama ki!" zai ce, ya ɗauko roba ko soso ko siminti ya liƙe wurin.

Kada a ɗauka mutumin banza ne, a'a. Duk gyaran gidan nan da hannunsa ya yi. Shi ya sa tayil, shi ya yi fenti, shi ya cire tsoffin ƙwayayen fitila ya sa masu cin wuta kaɗan, har mitar gidan ta koma tafiyar hawainiya, yana kiran maƙwabta su zo kallo. Kuma yana da taka-tsantsan. Ba ya taɓa waya sai ya kashe wuta daga babban makunni, ba ya hawa tsani sai da mai riƙe masa. Abu ɗaya ne aibinsa: bai yarda akwai wanda ya fi shi sanin iska ba.

Mai riƙe tsanin kuwa matarsa ce, Iya, wadda ba a raba ta da zaren ulu da allurar saƙa. Tana riƙe tana tsiya.

"Malam, wallahi wata rana hancinmu za ka toshe."

"Idan na ga yana ɓarnar iska, me zai hana?"

'Ya'yansu biyu. Auta tana gidan mijinta a can wata unguwa, takan leƙo ƙarshen mako. Babban kuwa, wanda ake kira Dogo, shekara takwas ke nan da rasuwarsa, ciwon mako guda ya ɗauke shi yana da talatin da 'yan kai. Rigar sanyinsa tana nan rataye a bayan ƙofar kicin. Sau uku Baba Toshe yana fentin ƙofar nan, kowane karo Iya ta cire rigar ta riƙe a cinya har fenti ya bushe, ta mayar.

A bangon kicin ɗin akwai huda biyu da magini ya bari tun asali, kowace faɗin tafin hannu biyu, da ragar ƙarfe a kai. Ɗaya a ƙasa kusa da daɓe, ɗaya a sama kusa da silin. Idan Baba Toshe ya kai karansa wurin, zaren har rawa yake. Abin ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. A shekarar da aka yi wani sanyi mai shiga ƙashi, ya kwaɓa siminti.

"Maginin da ya bar su fa ba mahaukaci ba ne," in ji Iya.

"Magini bulo ya sani. Ni na san iska."

Ya cike su, ya shafe, ya bi da fenti, ka rantse ba a taɓa huda a bangon ba. Ya sa wa ƙofar kicin roba irin ta ɗakin sanyi, idan ta rufe sai ka ji ta ce ɓut. A cikin kicin ɗin kuwa akwai murhun gas, ga kuma tsohuwar hitar ruwa mai aiki da gas manne a bango. Nan da nan ya zama ɗakin da ya fi ko'ina ɗumi a gidan. Iya ta ja kujerarta ta tare a can, har ta ce masa Allah ya yi albarka. Ranar kansa ya kusa fin ƙarfin hula.

Kyanwar gidan ce ta fara ƙin kicin ɗin. Da can a ƙarƙashin tebur take yini, yanzu sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙura wa ciki ido, ta juya. Gilashin taga ya fara gumi, ruwa na gangarowa layi-layi ko da rana tsaka. Harshen wutar hita, wanda aka sani shuɗi, ya koma rawaya yana lilo, baƙi ya fara hawa bangon da ke samansa. Baba Toshe ya goge baƙin, ya sake fenti. Iya ta fara kukan ciwon kai, shi ma yakan ji nasa ya yi nauyi, suka ce tsufa ne.

Wata rana bayan azahar ya dawo daga shagon kayan gini, ya ji murya a kicin. Iya ce take hira, tana dariya, irin dariyar da rabonsa da ji tun kafin rasuwar nan. Ya ɗauka Auta ce ta zo. Ya tura ƙofa, ita kaɗai. An janye kujera ta biyu daga jikin tebur, ga kofin shayi cike a gabanta yana tururi.

"Ke da wa?"

"Dogo ne. Yanzun nan ya tashi, ba ku haɗu a ƙofa ba?"

Ya dube ta, idonta tarwai, fuskarta har wani ja-ja take kamar mai ƙoshin lafiya.

"Iya, ki yi salati."

"Na yi. Shi ma ya yi. Ya ce gidan ya yi ɗumi."

Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa, a ce matar Baba Toshe ta taɓu? Ya ce a ransa baƙin ciki ne ya daɗe a kwance ya farka. Ya yanke shawarar ya riƙa zama da ita, kada kaɗaici ya ƙarasa ta. To, zaman ne ya jawo masa nasa.

Kwana na uku, suna zaune, ƙofa a rufe, ruwa na tafasa, sai ya ji taku a barandar ciki. Ba na kowa ba, na mai jan ƙafar hagu, kamar yadda Dogo yake yi tun da ya taɓa karyewa a wurin ƙwallo. Takun ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Baba Toshe ya ɗaga kai da ƙyar, kan ya yi masa nauyi kamar an ɗora buhun siminti. Rigar da ke bayan ƙofa ta cika. Kafaɗu ne a cikinta, sosai, har hannun rigar ya ɗan lanƙwashe.

"Ka gani ko?" in ji Iya a hankali, ba ta ko daina saƙa ba.

Tsoro ya ji, tsoro na gaske, ga kuma wani daɗi da ya fi tsoron muni. Ya miƙe yana dafa bango, ya fice tsakar gida. Yana shan iska 'yan mintoci kansa ya washe. Ya koma, riga riga ce, a lanƙwame a jikin ƙusa. Da mutum ne mai tambayar kansa, da nan ya tsaya ya ce, me ya sa a waje nake warkewa? Shi kuwa sai ya ce addu'ar da ya yi ce ta kama.

Auta ta zo ranar Asabar, ta zauna rabin awa ta fara riƙe goshi.

"Baba, kicin ɗin nan ko ɗigon iska babu."

"Ai aikin ke nan," ya ce. Wai shi yabo aka yi masa!

Ranar wanki abin ya fashe. Tun safe hita ke aiki, Iya na tara ruwan zafi. Shi yana waje yana gyaran indararo a ƙasa, don babu mai riƙe masa tsani. Kyanwa ce ta dame shi, tana kai kawo tsakanin ƙafarsa da ƙofar kicin, tana wani kuka da bai taɓa ji ba. Ya leƙa ta taga, gumi ya rufe gilashi. Ya kira Iya, shiru. Ya tura ƙofa ta ce ɓut.

Tana zaune, kanta a kan tebur, allura a ƙasa, zaren ulu ya gangara har gindin murhu. Kofi biyu, duka a cike. Ya girgiza ta, ta tafi luu. Ya kama ta ta hammata yana ja, kuma har ga Allah ya ji kamar akwai mai tsaye a bayansa yana kallo. Bai waiwaya ba. Ya fitar da ita tsakar gida yana kiran maƙwabcinsu direban tasi da muryar da shi kansa bai gane ba.

A asibiti aka sa mata abin shaƙar iska. Likitar, wata mace da ba ta wuce sa'ar Auta ba, ta zaunar da shi a benci.

"Baba, kuna da abin gas a ɗakin da take zama?"

"Murhu da hita."

"Ta ina iska ke shiga?"

"Babu ta inda take shiga, na toshe." Har da guntun alfahari ya faɗa, sai da maganar ta fita ya ji ta da kunnensa.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce wuta idan ba ta samu iska isasshe ba, wata guba take fitarwa, ba launi ba wari. Tana sa ciwon kai, tana sa mutum ya ga abin da babu, ya ji abin da babu, daga nan sai barcin da ba a tashi. Ta ce da ya ƙara rubu'in awa a wurin indararon nan, da wani zancen ake.

Ya koma gida ya ɗauki guduma. Aikin da ya yi kwana biyu yana shafewa, a minti goma ya farfasa shi, yana duka yana hawaye, tsoho da shi. Ya ɓare robar ƙofa. Ya kira mai gyaran gas, karon farko da baƙon hannu ya taɓa wani abu a gidan, aka wanke hita aka gyara bututunta, wuta ta dawo shuɗiya. Aka kafa wata 'yar na'ura a bango mai ƙara idan gubar ta taru. Kyanwa ta koma ƙarƙashin tebur.

Kwana biyar aka sallamo Iya. Ta rame, amma hankalinta garau. Ta shiga kicin, ta dubi hudojin. Bayan azahar ta zuba shayi kofi biyu, ta janye kujera ta biyu, ta zauna. Shayi ya huce. Washegari haka, jibi haka.

"Kai ka kore shi," ta ce a rana ta huɗu.

"Iya, kin ji abin da likita ta ce. Guba ce. Ba Dogo ba ne."

"Na ji, ba kurma ba ce ni." Ta juya kofin a hannunta. "Shekara takwas, Malam, ko a mafarki bai taɓa zo mini ba. Sai da ka toshe bangon nan na ga fuskar ɗana. Ka ba ni, ka ƙwace."

Shi ma ai ya ji takun.

Bayan mako guda, da safe, yana wucewa da karansa saboda sabo, ya kai zaren bakin hudar ƙasa. Zare ya tsaya cak. Ya ƙara matsawa, ko motsi. Ya durƙusa. A bayan ragar ƙarfen an cusa saƙar ulu, shuɗiya, an danna ta lungu-lungu ba a bar ko kafar allura ba. Aiki mai kyau, irin wanda shi da kansa zai yaba. Shekara arba'in tana riƙe masa tsani, ashe tana kallo. Ya ɗaga kai, kujera ta biyu tana jingine da bango, daidai ƙarƙashin hudar sama. Batirin na'urar kuwa a cikin gwangwanin sukari ya same shi.

Ya zaro ulun, ya mayar da batir, ya mayar da kujera. Auta ta ce a bar Iya ta koma wurinta, Iya ta ce ba inda za ta, ɗanta nan ya sani.

Har yanzu Baba Toshe ake ce masa a layin, amma ya daina washe baki. Ya daina zuwa shagon kayan gini, ko masallaci da sauri yake dawowa. Sau biyar, sau shida a yini za ka gan shi da ɗan karan nan, ya durƙusa a hudar ƙasa, ya hau kujera a ta sama ba mai riƙe masa. Idan zaren ya motsa sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi. Iya na zaune tana kallonsa, kofi biyu a gabanta, allura na tafiya. Abin da take saƙawa bai yi kama da hula ba, bai yi kama da safa ba, faɗinsa tafin hannu biyu ne. Bai taɓa tambayarta ko na mene ne ba.