Damin Gero a Al Sabkha

Duk wanda ya san aikin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Deira ta Dubai ya san hanya ɗaya kaya suke bi, daga nan zuwa gida. Atamfa, turare, wayoyi, takalma, mu auna mu ɗaure mu tura Kano. A layinmu na Al Sabkha ni kaɗai aka taɓa aiko wa kaya daga Kano, kuma ba komai ba ne sai damin gero.

Gonar da geron ya fito ita ce ta ƙarshe da ta rage mana. Ina yaro, gandun kakanmu sai ƙafarka ta gaji ba ka ga ƙarshensa ba. Da aka raba gado, birni kuma ya matso, sai ƙannen mahaifina suka shiga sayar da nasu ɗaya bayan ɗaya. Aka yanka filaye, bulo ya hau inda dawa take fitowa. Mahaifina kaɗai ya ƙi. Da ya rasu aka rasa mai noma ta. Ni ina Dubai, ƙanena yana koyarwa a wata jiha, kuma shi ko yana gida ko barkono ba zai iya rayawa ba. Sai Inna ta ba wani abokin mahaifinmu aron gonar, dattijon da muke kira Baffa.

Aron gona a wurinmu yana da ƙa'ida. Mai aro ba ya dasa itace, kuma duk kaka zai ɗauko dami ɗaya ya kai wa mai gona har gida, a gaban mutane. Ba haya ba ce, don dami ɗaya ko kunun wata ba zai yi ba. Muddin ana ganin damin yana shiga gidanmu, kowa ya san gonar ta wa ce, dillalai kuma sai dai su zagaya su haɗiye yawu.

Shekarar da nake magana, na ɗauko Inna aka yi mata aikin ido a nan, abin ya faɗo daidai lokacin yankan gero. Na kama mata ɗaki a wani ƙaramin otal a Al Buteen. Babu abin da ya burge ta a garin sai jirgin ruwan nan na katako, abra, wanda sai da muka haye da shi muka dawo ba don muna da wurin zuwa ba. Sauran kuwa duk ta raina. Ta ce wannan wane irin gari ne da ba ka ganin ƙasar shuka sai a tukunyar fure. Ina son Inna ƙwarai, amma makonnin nan ta gajiyar da ni. Kullum maganar ɗaya ce: an yanke gero, gida a kulle, wa zai karɓi dami.

Na ce mata, “Inna, shekara ɗaya ce fa. Baffa ba zai cinye gonar ba.”

Ta juyo da idonta mai lafiya ta dube ni. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, “Kai dai auna kwalinka.”

Ana haka wata rana da la'asar, Inna tana zaune a shagonmu tana shan iskar na'urar sanyi, sai ga wata Hajiya 'yar kasuwar Kwari da muke yi wa kago, tana jan wata ƙatuwar jaka tana haki.

Ta ce, tana haɗawa da ɗan Larabcinta na kasuwa, “Yalla, karɓi kayanku, halas, shi ke nan, na sauke nauyi. Tsohon nan mai noma gonarku har gida ya biyo ni. Na ce masa Baba a sussuka a zuba a leda mana, ya ce shi dami ya saba kaiwa. Rabin kilon da aka ba ni a jirgi ya cinye.”

Na buɗe jakar. Zangarniyar gero ce, a ɗaure yadda ake ɗaurewa a gona, da ƙaiƙayinta da komai. Ƙamshin ya bugi hancina, sai da na ɗan juya baya kamar ina neman almakashi.

Na kai hannu zan fito da shi, Inna ta ce in dakata, in nemo mutane. Haka na fita layi ina kiran shaidu. Na samo 'yan kasuwa biyu 'yan Kano da suka baro lissafin kwantena suna gunaguni, da wani abokina ɗan Filato mai gyaran na'urar sanyi. Shi bai tambayi komai ba, yana ganin damin ya cire hula, ya ce haka babansa yake yi. Maƙwabcinmu ɗan Indiya ya leƙo ya tambaya ko abincin tsuntsu muka fara sayarwa.

Inna ta miƙe, ta karɓi damin daga hannun Hajiya da hannu biyu, ta ce, “Kun gani, na karɓa.” Suka ce sun gani. Sannan ta sa na kira Baffa a waya, na buɗe murya kowa yana ji.

Bayan gaisuwa da tambayar ido, ya ce, “Ya iso?”

Ta ce ya iso.

“Su wa suka gani?”

Ta lissafa masa su, har da ɗan Indiyan.

Na karɓi wayar ina dariya, na ce, “Baffa, ai da ka ajiye har ta dawo. Wa zai ce ka ci amana?”

Ya ce, “Ɗana, ka san gidan man nan na bakin titi, kusa da makaranta?”

Na ce na sani, a nan nake shan mai idan na zo.

Ya ce, “Gonata ce. Na ba ɗan'uwana aro lokacin da na tafi ci-rani. Shekara ɗaya bai kawo ba, na ji kunyar tambaya. Ta biyu ma haka. Da ya rasu 'ya'yansa suka ce ta ubansu ce, kuma ba ƙarya suka yi ba, tun da suka buɗe ido ba su taɓa ganin an kai wa kowa dami ba.”

Hajiya ta daina shafa kafaɗarta.

Baffa ya ce, “Ni ina kawowa. Amma na tsufa, 'ya'yana kuma ba su taɓa ganin fuskarka a gonar ba. Ka zo baɗi ka karɓa da hannunka, su gani.”