Ranar da Ruwa Ya Cinye Albasar Malam Umaru

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin ruwan Bakolori, wadda ba ta fita raina ba ita ce ranar da gefen kanal ya ɓalle a hannuna. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in aje aiki, wannan zan ba ku.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci, mai kula da ƙofofin ruwa a ɓangaren Bakura. Ga wanda bai san aikin ba, ruwa yana fitowa daga dam ta babban kanal, ya rabu zuwa ƙanana, kowane da ƙofar ƙarfe da ake murɗawa da hannu. Aikina in buɗe in rufe bisa tsarin da injiniyan sashe ya ba ni. Ba ni da ikon ƙara ko rage ruwa sai da izininsa.

Shekarun nan noman rani ya kankama, alkama da albasa da tumatir sun samu. Amma wani abu ya biyo ruwan. Tsargiya ta yi yawa a ƙauyukan bakin kanal, har fitsarin jini ya zama kamar ba ciwo ba. A yi wa mutum magani a asibiti, ya koma gona, ta dawo.

Wata safiya injiniya ya ce in je ofishinmu na Talata Mafara in taho da wani masani da jami'a ta turo. Mu a lokacin, in aka ce masani, Bature muke sa ran gani, don su muka saba gani da na'urori tun ana ginin dam. Na isa na tarar da wani baƙin mutum siriri cikin kaftani yana ɗaure akwatuna a bayan mota da kansa. Na tambaye shi ko maigidansa ya fito. Ya yi dariya ya miƙo mini hannu, ya ce shi ne Dakta Bala, kuma ba shi da maigida sai Allah. Kunya ta kama ni, shi kuwa bai sake tada maganar ba.

A hanya na tambaye shi ko likita ne. Ya ce a'a, fanninsa sunansa bayofiziks. Da ya ga ban gane ba, sai ya ce su masu auna halittu masu rai ne da irin awon da ake yi wa ƙarfe da ruwa: nawa ne ƙarfin abu, yaya yake riƙo, me ke ture shi. Ya ce ƙwayar tsargiya ba ta iya shiga jikin mutum sai ta fara zama cikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke manne a gefen kanal. Shi abin da ya zo nema, wane gudun ruwa ne zai fi ƙarfin riƙon wannan dodon koɗi. Ya gaya mini cewa shi ɗan masunta ne, a bakin gulbi ya tashi, kuma ya yi fitsarin jini yana yaro. Ya yi karatu har ƙasar waje, an ce ya zauna can, ya dawo.

Ƙaramin kanal da ya zaɓa yana kusa da Birnin Tudu. Matsalar farko ba ta ruwa ba ce, ta mutane ce. Jama'ar yankin ba su manta da ƙwace filaye da rikicin da suka biyo bayan awon gonaki lokacin ginin dam ba, don haka duk wanda suka gani da sanda da igiya yana awo, ba sa ganinsa da alheri. Muna fara aiki aka daina amsa mini sallama yadda aka saba.

Dakta ya ce mu je wurin liman, Malam Garba, dattijo mai karantarwa a zaurensa. Bayan doguwar gaisuwa, Dakta ya fito da wani dogon kwami na gilashi mai kama da ƙaramin kanal, ya zuba dodon koɗi ciki, ya bar su suka manne. Ya fara zuba ruwa a hankali, ba su motsa ba. Ya ɗaga gefe ɗaya ruwan ya ƙara gudu, sai ga su suna saki ɗaya bayan ɗaya. Dattawa suka matso suna kallo. Liman ya sa aka maimaita, sannan ya ce shi dai ya karanta bambancin ruwa mai gudu da ruwan da ke kwance a babin tsarki, amma bai taɓa ganin bambancin da idonsa haka ba.

“To, ɗana, mi kake so gare mu?” in ji shi.

Dakta ya ce yana so a yarda a rufe kanal ɗin na ɗan lokaci, gefensa ya bushe, a cire ciyawa, sannan a sako ruwa da ƙarfi ya wanke abin da ya rage zuwa magudanar da ke fita bayan gonaki. Wannan ba ƙaramar buƙata ba ce, don shuka za ta ji ƙishi. An yi ta muhawara. A ƙarshe liman ya ce shi ya yarda, mutane suka bi. Injiniya ma ya ba da izini da baki.

Ranar sakin ruwa, da hantsi, jama'a suka taru a bakin kanal. Dakta ya gaya mini iyakar inda zan murɗa ƙofa, ya fi abin da na taɓa buɗewa. Na murɗa. Ruwa ya taho ja wur yana tafe da ciyawa, komai na tafiya yadda ya ce. Can sai muka ji ihu daga wajen lanƙwasar kanal. Gefen kanal ya ɓalle, ruwa ya faɗa gonar Malam Umaru, wani magidanci da bai daɗe da dasa albasarsa ba.

Na ruga na rufe ƙofa. Amma ku da ke aikin nan kun sani, rufe ƙofa ba ya tsayar da ruwan da ya riga ya shiga hanya. Kafin in dawo, Dakta ya faɗa cikin ruwan har ƙugu yana karɓar buhunan ƙasa yana toshewa. Shi ne ya fi kowa sanin abin da ke cikin ruwan nan, shi ne ya yi ta hana mu taka shi ba takalmin roba, amma bai tsaya neman nasa ba. Da mutane suka ga haka suka bi shi. Aka toshe, amma fiye da rabin albasar ta tafi. Da muka duba, ashe ramukan gafiya ne suka cinye cikin gefen, daga waje ba a gani.

Da la'asar injiniya ya iso ransa a ɓace. Bai tambayi komai ba sai wa ya buɗe ƙofa har haka. Na san inda maganar ta dosa. Izinin baki ba ya da shaida, kuma ni ne ƙarami. Ina da mata da 'ya'ya ƙanana, ga mahaifiyata a hannuna.

Dakta, kayansa duk laka, ya nuna ni ya ce: “Ranka ya daɗe, Sani ya buɗe iyakar inda na ce ne. Na auna ƙarfin ruwa, na auna riƙon dodon koɗi, ban auna ƙarfin ƙasar da za ta ɗauki ruwan ba. Kuskurena ne, kuma haka zan faɗa a sama.”

Haka kuwa ya faɗa. Ban san abin da suka yi da shi can ba, ni dai ba wanda ya sake kirana a kan maganar.

Daga nan ya ce in raka shi gidan Malam Umaru. Na ba shi shawara ya bari zuciya ta huce, ya ce a'a. Muka tarar da shi zaune a ƙofar gida, bai ko wanke ƙafa ba. Dakta ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa abin da ya faɗa wa injiniya, bai ƙara ba bai rage ba, bai kuma ambaci gafiya don kare kansa ba. Malam Umaru ya dube shi ya ce:

“Tun da aka kawo ruwan ga, an yi mini ɓarna ba sau ɗaya ba. Ba a taɓa samun wanda ya zo ƙofar gidana ya ce shi ne ba.”

Bai ce ya yafe ba a ranar. Washegari Dakta ya samo irin albasa daga wani lambu a wajen Maradun, muka shiga gonar da shi da mutanen liman aka sake dashe. Bai iya dashe ba, layinsa a karkace yake, Malam Umaru yana binsa yana gyarawa. Albasar ta yi, ko da yake ta makara, ba ta kai ta sauran ba.

Na ɗauka aikin ya mutu ke nan. Sai ga shi bayan sallar Juma'a Malam Umaru da kansa ya tashi ya ce a bar mutumin nan ya sake gwadawa, shi ma 'ya'yansa na fama da ciwon. Wannan karon sai da muka bi gefen kanal kaf muna caka sanda, muka cike ramuka, kuma aka saki ruwan mataki-mataki. Ya tafi lafiya. Dodon koɗi ya ragu ƙwarai a wannan kanal, masu ciwon ma suka ragu. Ba zan ce muku tsargiya ta ƙare ba, don ba ta ƙare ba, akwai kududdufai da ba ƙofar da ke iko da su. Shi kansa Dakta ciwon ya kama shi daga shigar nan da ya yi, sai da ya sha magani.

Daga baya ya zama farfesa, ya yaye ɗalibai masu yawa, wasu daga nan yankin. In an zo maganar masana, yaranmu kan lissafo na nesa. Ni ina da nawa, baƙin mutum kamata, wanda na gani da idona.

Abin da na koya a ranar shi ne, a aikin ruwa ba wanda ba ya kuskure, komai iliminsa, don ruwa yakan gano raunin da ido bai gani ba. Manoma sun san haka, kuma suna iya haƙuri da asara. Abin da ba sa haƙuri da shi, a yi ɓarna a rasa mai ita. Ku da za ku zama manya gobe, ranar da gefe ya ɓalle, kada ku fara da neman wanda ya murɗa ƙofa. Ku fara da shiga ruwan.